Matar da Ta Kashe Tanderu

Shekara talatin da ɗaya, Rumyana Kalcheva tana sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan al'adun garinmu da ƙarfe biyar na safe. Ta kwashe toka, ta cika tanderu da kwal, ta bi bututun ruwan zafi tana shafawa kamar mai duba jikin majinyaci. Mutanen sama suna karatu da rawa cikin ɗumi, babu mai tambayar daga ina.

A shekarar da aka rufe ramukan haƙar dalma, maza suka zama abin tausayi. Wasu suka tafi Sifen tsinkar lemo, wasu suka kama kwalbar giya. Uku daga cikinsu, Zdravko da Plamen da Velko, suka kama jita da ganga, suka ce sun kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Toka. Ni dai hayaniya nake ji, har gobe. Amma gara hayaniya da kwalba.

Daraktan gidan al'adun ya hana su ɗaki, ya ce duk kayan da ya gani a gininsa 'yan sanda zai miƙa wa. Sai suka ƙwanƙwasa ƙofar baya.

"Goggo Rumyana, sanyi zai kashe mu a gareji," in ji Plamen mai ganga.

"Ƙarti da gemu, kuna wasan yara. Matanku sun sani?"

"Su suka koro mu."

"Sun yi hankali. Ku shigo, kada wanda ya taɓa mini shebur."

Gaggawa suke yi, don ƙurar rami ta ci maƙogwaron Zdravko mawaƙinsu. Likitoci sun sa ranar yi masa tiyata, sun kuma faɗa masa gaskiya: bayan wuƙa babu murya. Suka aro na'urar ɗaukar sauti, suna son waƙa goma kafin ranar. Amma rurin tanderu da famfonsa ya cika kaset ɗin, dole a kashe. Duk wanda ya yi hunturu a tsaunukan nan ya san hukuncin: ruwa ya tsaya a bututu, ya daskare, bututu ya fashe.

Rumyana ta san gininta. Ta ce minti arba'in, ba ƙari. Kowace Lahadi da rana, gini babu kowa, takan kashe, ta zauna a kan bokiti da agogo a tafin hannu. Lokaci na cika ta miƙe ta kunna, ko suna tsakiyar baiti.

"Haba Goggo, saura layi biyu!"

"Ka rera wa bututu, ka ga ko zai jira ka."

Waƙa tara suka samu a haka. Ta goma ta faɗo Lahadin ƙarshe, jibi asibiti, ranar kuma sanyi ya fi na kullum. Sau huɗu Zdravko yana ɗauka, tari yana yanke shi. Minti arba'in ya cika. Velko ya fara naɗe waya, Zdravko ya zauna a kan buhun kwal yana kallon ƙasa.

Velko ne ya ba ni labarin. Ya ce ta dubi agogon, ta jefa shi aljihu.

"Tashi, ɗan nan. Sha ruwan ɗumi ka sake."

"Goggo, bututu fa?"

"Bututunka ne? Rera."

Ya rera har ƙarshe. Kafin wutar da ta sake kunnawa ta kama sosai, bututun ɗakin karatu ya tsage, ruwa ya jiƙa littattafai ɗaruruwa. Asara ce ta gaske, ba zan yi mata kwalliya ba.

Washegari darakta ya tara ma'aikata. Zdravko ya zo zai yi magana, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ka buɗe baki su ƙwace kaset ɗin, na yi asarar banza ke nan. Wuce gida."

Ta shiga ta ce barci ya ɗauke ta. Aka kore ta, saura wata bakwai ta yi ritaya da takardar yabo. Ta koma wanke matakalar gidajen bene, har gwiwoyinta suka ƙi.

Faifan ya fito bayan shekara. Matasa a Sofiya, babban birnin ƙasar, sun haddace shi. A bayansa an gode wa kowa, har mai motar da ya ɗauki ganguna, ban da ita, domin ta hana. Zdravko yana raye, da biro da takarda yake magana. Shi ya rubuto mini cewa shirun ya isa, shi ya sa nake wannan rubutu.

Goggo Rumyana, ke ce kika san iyakar aikinki daidai da minti, kika tsallake ta sau ɗaya da idonki buɗe, kika biya da sunanki. Ba ki fahimci waƙoƙin ba, kin faɗa da bakinki. Mutum kika gani zai rasa murya, kika ba shi lokaci. Mun gode, Goggo, a makare.

Ku kuma da kuke riƙe da makullin ɗakuna masu ɗumi kuna jiran umarni daga sama, ku duba ku ji kunya, ku buɗe wa wani. Ku da har yau kuke nuna ta a kasuwa kuna cewa ga wadda ta yi barci ta jiƙa littattafai, ku gyara bakinku. Idonta biyu.