Gasayar bakin gonarmu

Jiya na kai ɗiyata gonarmu ta Tsarnawa, na tarar maganin feshi ya ƙone bakin gonar ƙurmus. Nan marigayiya kakata takan tsugunar da ni da damina, raɓa na jiƙa mana zane. Ba ta yarda da ido kaɗai. Takan ce, "Murza ganyen, 'yar nan. Mai farin fure, ganye biyar kamar yatsu, ita ce gasayar kwaɗo. Mai fure rawaya da danƙo a hannu, bar ta nan."

Ɗiyata ta ce, "Inna, wacce ce gasayar?" Na duba ko'ina, ko tushe guda ban samu na nuna mata ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, ya tsiro mana da ita baɗi.