Perpetua, Wadda Ta Hana Mu Cewa "Da Sauƙi"

Ƙarfe bakwai da rabi Perpetua take sauka daga bas a unguwar Al Khabaisi, a nan ƙasar Larabawa, da kular abincinta a leda da tsohuwar rigar sanyi a kafaɗa, don na'urar sanyin ofis ɗinsu ba ta da imani. Ba likita ba ce. Teburinta na can bayan ƙofa a wani ƙaramin asibiti da ke duba yara masu ciwon damuwa da firgici, aikinta kuwa kokawa da kamfanonin inshorar lafiya: ta cike takarda ta tura, a ƙi, ta sake turawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. 'Yar Kafanchan ce, Kirista, bakinta ya fi na wasu Kanawan da na sani iya Hausa. Ƙarshen watan nan za ta tattara ta koma gida, shi ya sa na zauna rubuta wannan, raina ba daɗi.

Na san ta ne ta dalilin Khairunnisa, 'yar yayana mai ofishin kago, wato aika kaya gida, a Al Sabkha. Tana shekara takwas mahaifiyarta ta rasu, tun daga nan yarinya ta daina magana. Makaranta ta gagara, abinci sai an yi da gaske, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Na baro Kano na zo riƙonta a Hor Al Anz. Mun yi addu'a, mun yi tofi, har maƙwabciyarmu Najiba ta ce mu haɗa da asibiti, mu nemi Perpetua, in akwai hanya a cikin inshorarmu ita za ta tono ta.

Ta tono kuwa. Aka amince Khairunnisa ta ga likita sau goma sha biyu. A zuwa na takwas ta kalle ni ta ce, "Ruwa." Kalma ɗaya tak, amma ranar na yi kuka a cikin tasi.

Ni na ɓata abin da bakina. Wata mata ta bugo waya daga kamfanin inshora, ta tambaye ni da Turanci yaya jikin yarinya. Na amsa yadda aka tarbiyyantar da ni: Alhamdulillah, da sauƙi sosai. Tana cin abinci? Alhamdulillah. Tana barci? Alhamdulillah. Alhali ina maganar yarinya na ƙarƙashin gado. Bayan kwana huɗu aka ƙi sabunta mata izinin ganin likita, wai iyalinta sun tabbatar ta warke.

"Hajiya, me kika ce musu?" in ji Perpetua da na je.

"Me kuwa zan ce? Na ce da sauƙi."

Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Hajiya! Ke ce ta tara a bana. Mutanen nan ba gaisuwa suke yi ba, rubutawa suke yi. Kin ce da sauƙi, khalas, shi ke nan, sun rufe fayil."

Raina ya ɓaci. Na ce, "So kike in yi wa marainiya mugun baki? In zauna ina zayyana wa baƙuwa halin da 'yata ke ciki?"

"Ki gode wa Allah a zuciyarki, ni ma haka nake yi," ta ce. "Amma su, ki faɗa musu abin da idonki ya gani."

Ta jawo durowa ta miƙo min littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta ce kullum in rubuta abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Ashe duk Bahaushen da ya zo sai ta ba shi irinsa. Ba ta tsaya nan ba. Sai ta bugo maka waya ta sauya murya, ta zama matar inshora, ta ce yaya yaro? Kana cewa da sauƙi ta kashe, ta sake bugowa. Najiba ta ce sau shida aka kashe mata waya kafin bakinta ya saba. Ni sau huɗu, kuma ina alfahari da haka.

Mako bakwai ta yi tana ɗaukaka ƙara da littafin nan kafin a dawo da yarinya gaban likita. A cikin makonnin nan bakwai kalmar nan guda ɗaya ta ɓace, sai da aka faro daga tushe. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Perpetua, ke ce bakin yaran da suka kasa buɗe nasu. Ke ce kika gane cewa kunyarmu da godiyarmu, waɗanda muke ji da su, su ne ake riƙewa a rufe wa 'ya'yanmu ƙofa. Ba ki taɓa yi mana kallon jahilai ba, kin san daga gida muka zo da abin, don ku ma haka kuke amsawa a Kafanchan.

Yanzu asibitin zai rufe sashen yara. Sun ce abin da inshora ke biya kan awa guda ta zama da yaro ba ya riƙe likita, kuma ba ya zuwa a kan kari. Likitocin sun watse. Inda aka tura mu layin jira na wata shida ne, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Khairunnisa kuwa lokacin ta fara haɗa zance, har tana ce min Gwaggo.

Makon jiya na iske Perpetua tana kwashe teburinta cikin kwali. Ta ce, "Hajiya, yaya Khairunnisa?"

Bakina ya buɗe zai yi abin da ya saba, na danne shi. "Babu sauƙi. Tun da ta ji za a rufe ta koma ƙarƙashin gado. Kwana uku ke nan ba ta ce uffan ba."

"Yawwa, kin iya," ta ce. Ta kai hannu za ta ɗauki biro, sai ta tsaya. Babu fayil ɗin da za ta sa shi a ciki.

Mun gode, Perpetua. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma 'yan uwa da ke aiki a asibitocin garin nan kuna jin Hausa, don Allah wani ya ɗauki wayar nan da ta ajiye, ya riƙa bugo wa iyaye. Littafin da ta ba ni yana hannuna, kullum ina rubutawa, ban san wanda zai karanta ba.