Kaburburan 'Yan Mishan da Muka Juya

In dai da raina, ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta shiga motata a Kano tana tambayar makabartar 'yan mishan ba. A lokacin ina jigilar fasinja zuwa Rano da Kibiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu, don haka kafin mu bar gari na san abin da ke tafe da ita. A ƙauyenmu aka haife ta, a can mahaifiyarta ta rasu, kuma tun tana budurwa rabonta da wurin.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Zamanin kakanninmu wani Fada na Katolika ya gina majami'ar ƙasa da ɗakin shan magani a bayan gari, wasu Maguzawa suka bi shi. Daga baya suka watse neman abinci, gini ya rushe, gara ta cinye itatuwan da suka kafa a kan kaburbura. Sai makabartar kaɗai ta rage a gindin wani dutse.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya, an nome wurin ko?" Haka ta tambaye ni. Ta ce ba ta son ta mutu ba ta ga kabarin uwarta ba.

Na bugi ƙirji na ce, "Haba Iya! Mu da muke share ta duk shekara?" Kuma ba ƙarya na yi ba. Mai unguwarmu ya hana kowa sa garma a wurin. Duk gabanin damina, in an yi gayyar gyaran makabartarmu, sai a zarce tasu a sare ciyawa, a tara ƙasa inda ruwa ya zaizaye. Ina tuƙi ina cika baki kamar ni kaɗai nake aikin.

Da la'asar na kai ta, mai unguwa da wasu dattawa suka raka mu. Wuri fes, kaburbura a jere. Ina jiran in ji godiya, sai na ga tsohuwa ta dafe kai ta fashe da kuka.

"Wayyo, kun tone su! Kun binne naku a kai!"

Mai unguwa ya ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah, wa zai yi wannan aika-aika?"

Ta ce nasu ba haka suke kwanciya ba, kai yana yamma ne, ƙafa gabas. Waɗannan kuwa duk kudu da arewa suka miƙe. Sai wani dattijo ya riƙe baki, ya ce ya tuna. Ashe wata shekara ruwa ya shafe tudun kaburburan sarai, da aka zo gyara sai kowa ya tara ƙasa yadda hannunsa ya saba, irin namu mai fuskantar alƙibla. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai wata kwanciyar daban. Haka muka yi ta maimaita kuskurenmu shekara da shekaru, muna jin daɗi.

Da ta gane, kukan ya koma dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Wato uwata ce kuka musuluntar ba ku tambaye ta ba!" Dattawa suka yi ta dariya har da tafi, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta zagaya dutsen har ta gane wata tsaga da ta ce daidai nan kan mahaifiyarta yake. Aka kawo fartanyoyi. Tana nunawa da sandarta, muna jan ƙasa, har muka mayar da kabarin yadda yake. Ta durƙusa ta yi addu'arta, mu muka koma gefe muka ba ta wuri. Washegari aka juya sauran. Ta kwana biyu a gidan mai unguwa, kuma na ga farin cikin da ban taɓa gani a fuskar fasinja ba.

Yanzu da na fara furfura, abin da na ɗauka shi ne alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da an yi shi a karkace. Amma in za ka kyautata wa wanda ba hanyarku ɗaya ba, fara tambayarsa yadda yake so, kada ka auna shi da mudunka.