Amanar da Aka Sa a Doguwar Bas

Ranar Talata ce, a tsakiyar damina, wajen ƙarfe takwas na safe, a tashar mota ta Kazaure. Mutum uku ne a wurin: Baffa, yayan mahaifina, da Goggo, ƙanwarsu, sai direban wata ƙaramar bas mai zuwa Kano. Ni ina Kano, ina jin su ta wayar Goggo, wadda ta bari a buɗe don in zama shaida.

Baffa ya taso daga ƙauyenmu na wajen Roni ya kwana a gidan Goggo. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, har ya zama ba ya bambanta mutum da turke sai an yi magana. Likitan ido a Kano ya ba shi ranar Laraba don a yi masa aiki. Yana kuma da ciwon suga. Ya sha maganinsa da safe da koko, kuma dole ne ya ci wani abu kafin azahar. In ya wuce haka jikinsa yakan ɗauki rawa, gumi ya karyo masa, magana ta sarƙe. Na taɓa ganin hakan a gona, kuma na san inda abin ke zuwa idan ba kowa a kusa.

A wajenmu, in za a sa tsoho ko mara lafiya a mota shi kaɗai, ba a barin sa haka nan. Ana kama hannunsa a sa a hannun direba, a ce ga amana. Direba ya ce ya karɓa. Daga nan mutumin ba ya sauka, ko da ya ga ƙofar gidan da za shi, sai wanda ya karɓe shi ya zo ya kama hannunsa ya miƙa wa mai jira. Haka ake yi daga Gwiwa zuwa Kazaure, haka daga Babura. Abin yana tafiya daidai, domin kowa ya san direban, ya san ubansa, ya san inda yake kwana.

"Ga amana," in ji Goggo. "Hannun ɗansa za ka kai shi."

"Na karɓa, Hajiya. Baba, gidan gaba za ka zauna, kusa da ni."

"Yaya, ka dai ji. Kada ka sauka ko'ina sai an kama hannunka."

"Ke kin mai da ni buhun gero," in ji Baffa.

"Da buhun gero ne ai da tuni an ɗaure ka a sama."

Na ji direban yana dariya, na ji an rufe ƙofa, sai Goggo ta kashe wayar.

Ƙarfe goma ina tashar da motocin Kazaure ke sauke fasinja, a kan titin Katsina. Gari ya yi zafi, babu iska ko kaɗan, gabas kuma ta soma yin duhu daga ƙasa. Motoci suka yi ta zuwa, ban da tasu. Da sha ɗaya ta wuce na karɓi lambar direban wajen Goggo na kira shi. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Mota ta lalace mana a Dawanau, ranka ya daɗe, ina ƙarƙashinta ne. Amma kada ka damu, tun ɗazu na sa Baba a doguwar bas. Hannu da hannu na ba kwandasta, na faɗa masa tashar da kake."

"Wane kwandasta?"

"Wani dogo haka, baƙi."

"Ya sunansa? Ka duba lambar motar?"

Ina jin ƙarar ƙarfe a bayansa.

"Ai ya ce ya karɓa," in ji shi.

Dogayen bas-bas na cikin gari su nake hawa kullum zuwa gidan rediyon da nake aiki. Fentinsu ɗaya, kujerunsu ɗaya. Suna tasowa daga bakin gari su ratsa ta Kurna su shiga tsakiyar birni, su juyo. Inda za su tsaya sananne ne. Kwandasta ya ƙwala sunan wurin, mai sauka ya sauka, mai hawa ya hau, ya buga jikin mota a wuce. Shekaru ina hawansu, amma a ranar na lura ban san fuskar direba ko ɗaya ba.

Na yi lissafin da kowane mutumin birni zai yi. Tun ɗazu aka sa shi a mota, to ya sauka a wani wuri, ko dai kafin tashar ko bayanta, kuma yana zaune a bakin titi yana jira. Na hau babur ɗin haya na fara bin wuraren tsayawa ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ina tambayar masu sayar da ruwa da masu faci: tsoho fari, siriri, da shuɗiyar riga da sanda, ba ya gani. Wani ya ce ya ga irinsa ya tsallaka titi. Na bi, na tarar wani ne dabam. Duk bas ɗin da ta tsaya ina duba masu saukowa, in ta tashi in juya ga na gaba.

Aka kira azahar. Na shiga masallatan bakin hanya ina duba sahu, ina duba masu kwance a baranda. Na sayi lemon kwalba na sa a aljihu, domin na san in na same shi yanzu shi zai fara buƙata. Na leƙa sashen gaggawa na wani asibiti da ke kan hanyar. Ma'aikaciyar ta ce ba a kawo tsoho ba a ranar, ta ƙara da cewa in sake dawowa da yamma. Na fahimci abin da take nufi.

A wurin aiki ni nake karanta sanarwar cigiya. Na san tsarinta: kamannin mutum, kayan da ke jikinsa, inda aka yi masa ganin ƙarshe. A kan babur na ji ina jera ta Baffa a raina, kalma bayan kalma, har na zo wurin da ake cewa duk wanda Allah ya sa ya gan shi. Na kuma san cewa da yawa daga waɗanda na karanta cigiyarsu ba a dawo an ce mana an gan su ba.

Kafin la'asar hadarin ya rufe rabin sama. Iska ta taso tana kwasar leda tana buga rumfuna, 'yan kasuwa suna ta tattara kaya. Sai na kira Goggo, wadda na yi ta ce wa ta ƙara haƙuri, na faɗa mata gaskiya. Na lissafa mata duk inda na duba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Duk a ƙasa kake neman sa?"

"To a ina zan neme shi, Goggo?"

"Wa ya kama hannunsa ya sauke shi?"

"Ban sani ba."

"In ba wanda ya kama, bai sauka ba. Ni na san yayana. Ka koma cikin motar."

Na sallami mai babur na tsaya a wuri ɗaya. Duk doguwar bas da ta tsaya sai in shiga ta ƙofar gaba, in kutsa cikin mutane ina duba fuskoki har baya, in fita a tasha ta gaba in jira wata. Ruwa ya sauko da ƙarfi. Aka rufe tagogi, cikin motocin ya yi duhu, gilasai suka yi hazo. Wani kwandasta ya tambaye ni ko ɓarawo nake nema. Na ce a'a, ubana. Ya matsa mini.

Ban san ko a bas ta nawa na gan shi ba. Yana kujerar ƙarshe, jikin taga, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Hularsa ta faɗi ƙasa an tattaka ta. Rigar ta jiƙe da gumi duk da sanyin da ake yi, kansa ya jingina da gilashi, hannuwansa suna rawa a kan sandar. Wata mata tana zaune kusa da shi da kwandon kayan miya, tana kallon waje.

Na ce, "Baffa." Bai amsa ba. Na kama hannunsa na dama. Yatsunsa sun yi sanyi, amma suka rufe a kan nawa.

Na buɗe lemon na riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Matar ta taimaka ta tallafe masa kai, tana cewa ita ta ɗauka barci yake. Kwandastan ya ƙaraso yana goge fuska. Gajere ne, ba dogon da aka kwatanta mini ba.

"Naka ne, Malam? Ni da azahar na karɓi aiki, a nan na tarar da shi. Na ɗauka baban direba ne."

Direban ya waiwayo daga gaba ya dubi kwandastan. "Ni kuma na ɗauka naka ne."

"Duk inda muka tsaya ina kira," in ji kwandastan. "Bai taɓa motsawa ba."

Ban ga laifinsa ba. Aikinsa ke nan, kuma ya yi shi.

Sai bayan magariba, a gida, bayan ya ci abinci ya rama sallolinsa, maganar Baffa ta dawo daidai. Na tambaye shi ko bai ji ana kiran sunan tashar ba.

"Na ji. Duk wucewa sai an kira. Har muryarka na ji a waje, kana tambayar wani tsoho mai sanda."

"Ba ka yi magana ba, Baffa?"

"Na yi. Motar ce ta tashi."

"To me ya hana ka sauka?"

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take, kamar na yi tambayar da ba ta dace da babba ba.

"Yaron da ya karɓe ni bai zo ba. In na sauka ya dawo bai same ni ba, me zai faɗa wa direban? Shi kuma me zai faɗa wa goggonka?"

Washegari a asibiti aka auna suga aka ce bai daidaita ba, a ɗaga aikin sai wani watan. Ni da kaina na mai da shi Kazaure. A hanya na faɗa masa cewa ga layin dogon da ake shimfiɗawa nan a gefenmu, wata rana jirgin ƙasa zai riƙa kai mutane Kano. Ya tambaye ni wa ake ba amana a jirgi. Na ce ba kowa. Ya juya fuskarsa wajen taga har muka shiga gari.

Da watan ya zo na je ɗaukar sa da kaina, ya ce ba zai koma garin da ake karɓar amana a manta da ita ba. Goggo ta yi magana, limamin ƙauye ya yi magana. Baffa ya rasu bayan kaka biyu a ɗakinsa a wajen Roni, ba a yi aikin idon ba.