Tablon da ya sha shanya a Garagumsa

Mun bar tashar Zango ta Damagaram ana sallame sallar asuba, ni da ɗan ƙanwata mai zane-zane, da wani naɗaɗɗen tablo, wato zanen fenti a kan ƙyalle, da ya fi ni tsawo. Maradi muka nufa, inda za a baje ayyukan matasa. Ubansa ya riga ya yanke hukunci: in aka karɓi tablon, yaro ya ci gaba da fentinsa, in aka ƙi, ya zo ya zauna a shagon kayan kabu-kabu har furfura. Ni aka haɗa shi da ni don an ce ina da baki.

Ashe bakinsa ya ninka nawa. Kafin mu wuce shingen jandarma ya fara ba ni tarihi. Wai da can Turawa suna zana mutum kamar zai yi atishawa. Sai wasu a Faransa suka ce su haske za su zana. Na bayansu suka ga sassaƙen fuskoki na ƙasashenmu, suka koma yanka fuska gida-gida, hanci a kunne, ido a haɓa. Daga nan aka sami masu kwara fenti kawai su tafi. Na ce, "To kai a wane layi kake?" Ya ce, "Kawu, ni na wuce su duka." Na sayi ƙosai mai tsada kamar da man zinariya aka soya shi, na cika bakina don kada in yi saɓo.

Dab da Garagumsa motar ta yi tari ta mutu. Da aka sauke kaya, sai ga jarkar ruwan direba ta tsiyaye a kan tablon. Gwaggona tana garin, muka kwashi jiki zuwa gidanta. Yaro ya warware abinsa a tsakar gida don ya sha rana, ya danne gefuna da duwatsu, muka fita zaure gaisawa da maza. Gaisuwar ƙauye kuwa sai an tambaye ka lafiyar akuyar maƙwabcinka.

Mun dawo muka tarar da jan zoɓo jiƙaƙƙe, sabon wankewa, an baza shi a kan tablon daga wannan gefe zuwa wancan, kuɓewa a kusurwa. Lokacin kaka ne, kowace tabarma a gidan tana aiki, mata sun ga shimfiɗa a rana har da duwatsunta. Yaro ya tsaya kamar an dasa shi.

Gwaggo ta ce, "Maigidana, me ya sami fuskarka? Ai na ce Allah ya yi maka albarka, ka zo mana da abin shanya mai kauri."

Ya ce, "Kaka, aikin wata da watanni ne."

Ta leƙa, ta karkata kai. "Aikin ne wannan? Na ɗauka goge hannu masu fenti suka yi."

Ni da na zo rakiya, ni na ƙare da tsince kuɓewa ɗaya-ɗaya, bayana yana ƙara. Jan ya riga ya kama, ko an wanke da ruwan Tafkin Cadi ba zai fita ba.

Da aka gyara motar muka ƙarasa Maradi, yaro ya sayi fenti, ya durƙusa a inuwar tasha, ya bi jan nan yana gyarawa, masu dako suna ba shi shawara kyauta. Masu baje kolin suka juya tablon sama da ƙasa, suka yi ƙus-ƙus da Faransanci, suka karɓa. A bayan ƙofa suka rataye shi, sai an rufe ake ganinsa, amma dai an rataye.

Mun iso Damagaram da la'asar washegari, na shaida wa uban. Ya ce ya ba yaron shekara guda. Abin da na koyo: duk ilimin da ke kanka, in ka shimfiɗa abu a gidan manomi da kaka, zauna a kai. Kuma in za a sake tafiyar, uban ya raka ɗansa, ni zan tsare shagon.