Kwalbar da Inna ta yi ta narkarwa

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a karatun kimiyyar sinadarai, ni da abokina muna haya a Kalgo, kusa da jami'armu. Shi mutumin Zuru ne, Kirista, kuma aikin kammalawa ɗaya aka haɗa mu: mu sa sitacin rogo ya daina shan ruwa. Abin da zai yi mana wannan aiki wani sinadari ne, binil sitiyaret, dangin kitse ne da aka sarrafa. Ba ya gauraya da ruwa, in aka liƙa shi a jikin sitaci sai shi ma ya koyi halinsa.

Mun daɗe muna jiran kwalbar daga Legas. Takardar jikinta ta ce fari ne, daskararre. Da ta iso muka ɗaga, sai ga ruwa yana kai-komo.

Malamarmu ta yi tafiya, sai a waya muka same ta. Ta ce ko dai zafinmu ne ya narkar da shi, don ɗumin jikin mutum ma ya ishe shi, ko kuma ɗan'uwansa aka aiko mana, wanda kullum a ruwa yake. "Ku sa shi a wuri mai ɗan sanyi, ban da ƙanƙara, don ita kowanne daskarar da shi take yi. In ya daskare, namu ne. In bai daskare ba, kafin wani ya iso an rufe shekara." Wato abokan karatunmu su fita, mu mu maimaita.

Watan Afrilu ne, ɗakinmu ko ruwan buta sai ka fifita. Wuri ɗaya na sani mai sanyi a duniya, jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar mahaifiyata a Gwandu. Muka hau mashin.

Inna ta tarbi abokina da fura, ta dubi kwalbar a kaikaice. "Mi na na kuma kunka kwaso?" Ni da nake jin kaina babban masani, sai na ce, "Inna, kayan makaranta ne. Ki binne shi a yashin randa, kar komai ya same shi. In ya lalace, ba ni ba gamawa bana." Iyakar bayanina ke nan. Ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ta miƙo mana ita a naɗe da tsumma. Ruwa tsululu. Muka ce a ƙara kwana. Gari ya sake wayewa, ruwa. Abokina mai tashi da tuwo malmala uku ya koma tsakura. Na ji shi a bayan zaure yana gaya wa babansa a waya cewa a dakata da ɗinkin ankon bikin kammala karatu. Ita kuma Inna ta daina haɗa ido da ni, na ɗauka tausayi ne.

Ranar da muka ɗaure jaka za mu koma, ta biyo mu zaure, ta zauna a ƙasa, abin da ba ta saba ba.

"Ɗiyana, ku yahe mani. Ni na ɓata muku shi."

Muka dubi juna.

"Tun ranar hwarko da na tashi asuba na iske shi ya sandare, hwari hwat awa man shanu. Na ce na shiga uku, ruwa sunka ba ni, na maishe shi dutsi. Shi na nika tsoma shi cikin ruwan ɗumi na kunu har shi dawo, kahin ku tashi. Na ga kullum kuna ramewa, na san kun gane."

Abokina ne ya fara fahimta. Ya yi wani ihu da ya watsa kajin gidan, ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta. "Inna, ya daskare? Kin gani da idonki?" Ta ce, "Kai ɗan nan, lahiya kake?" Ni dariya ta hana ni magana, ga hawaye.

Muka kwance jaka. Da asuba mu uku muka tono kwalbar, ga shi fari tas. A ƙaramar tukunya cike da jiƙaƙƙen yashi muka kai shi Kalgo, abokina na rungume da ita a bayan mashin, yana yi wa kowane rami tsawa. Mun gama tare da kowa a wannan shekarar.

Yanzu ina aiki a inda sanyin na'ura ke sa ni neman rigar sanyi, Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ke taɓa ni har yau ba sinadarin ba ne. Ina tuna ta ne tana tashi kafin kowa, tana gyara abin da bai lalace ba don kada ɗanta ya rasa shekara. Ran nan a zaure da muka yi mata bayani, sai ta ce, "To mi ya hana ku hwaɗa mani abin da kuke jira? Ai da tun ranar hwarko mun yi murna tare."