Gajere da Lungun Latas

Rigimar farko da na ga ƙanin mijina ya sha kaye a cikinta, a kan tumatir aka yi ta. Gajere muke ce masa, kuma ba mu yi masa ƙarya ba. Yana sabon aure ya fara renon iri a gwangwanayen madara, ya jera su a gindin katangar gidan burodin da ke maƙwabtaka da mu, katangar da ko da asuba ka dafa sai ka ji ɗumi. Nan da nan tsirrai suka miƙe zar-zar. Gajere ya riƙa jawo mutane daga bakin titi su zo su ga hannu mai albarka. Har ni ya kira, wai in ga abin da yayansa bai taɓa iyawa ba.

Faccalata, wato matarsa, ta dube su sau ɗaya ta ce waɗannan ba girma suke ba, zafi suke gudu. Ta ce ya duba yadda suka sirance, suka ɗage ganye sama kamar mace ta tattare zani za ta tsallake kwata. Ya tambaye ta me ta sani a kan shuka. Ta ce shuka kam ba ta sani ba, amma ta san mai neman hanyar fita idan ta gan shi. Da iska ta taso, ba ma wata iskar kirki ba, suka kwanta gaba ɗaya. Gajere ya kwashe gwangwanayensa. Ita kuwa har yau tana ba da labarin.

Daga nan ya zama mai bin inuwa. Duk inda ya shiga sai ya durƙusa ya ɗora bayan hannu a ƙasa, har baƙi suna zaton gaisuwa ce. Ya gano tsiro yana jin ɗumi kafin mutum: ƙasa na yin zafi sai ya tsawaita kara, ya nisanta ganye daga ƙasa, ya buɗe su iska ta ratsa. Latas ya fi kowa gaggawa. Da ya ji zafi sai ya fasa yin ganye, ya fitar da kara, ya yi fure, ya yi ɗacin da ko akuya sai ta yi shawara. Gajere ya ce mutuwa yake hangowa, shi ya sa yake sauri ya bar 'ya'ya.

Da latas ɗin nan ya rene nasa 'ya'yan. Rumfar jiƙaƙƙen buhu, ban ruwa da yamma, keke zuwa gidajen abinci da safe. Sannan gwiwa ta ƙi, lambun da yake haya aka yi gini a kansa. Abin da ya rage masa lungu ne ɗaya a bayan ɗakinsu, inda rana ke leƙowa da safe ta wuce. Nan kaɗai latas ke zama lafiya a gidan, kuma shi kaɗai ke tayar da Gajere daga tabarma. Ɗauke lungun, ka ɗauke mutumin.

Sai 'yarsu ta saya wa uwarta firiza ta riƙa sayar da ƙanƙara, ga shi kuma soket ɗin kirki na bakin lungun. Gajere ya ɗora bayan hannu a bayan firizar, ya ji hucin da take fitarwa, ya ce ba a nan ba. Na ɗauko kujerata na zauna, don ba a barin irin wannan ta wuce mutum.

Faccalata ta ce ɗan ɗumi ba ya kashe ganye, ta tuna masa cewa shi ne mai kiran jama'a kallon dogayen tsirrai, yanzu ga dama ta dawo. Na tabbata ya sake faɗuwa. Amma amsar da ya ba ta ce ta sa firizar ta ƙare a bakin ƙofata, inda take hura mini zafi har yau. Ya ci gaba da cire ciyawa, ko kansa bai ɗago ba, ya ce mata:

"Uwar yara, ni kaɗai ne a gidan nan na zauna kusa da zafi tun ina saurayi, ban ƙara tsawo ba, ban yi ɗaci ba, ban nemi hanyar fita ba. Latas ba shi da haƙurina."